Ƙuri'ar Kurdawan Istanbul: jam'iyyar da ta kayar da gwamnati ba tare da ta tsayar da ɗan takara ba

A zaɓen magajin garin Istanbul, a ƙasar Turkiyya, na ranar 31 ga Maris 2019, mutum sama da miliyan 8 ne suka jefa ƙuri'a, amma tazarar da ta raba Ekrem Imamoglu na jam'iyyar adawa ta CHP da Binali Yildirim na jam'iyyar AKP mai mulki ba ta kai ƙuri'a 14,000 ba. Yildirim ba ƙaramin ɗan takara ba ne. Tsohon firaminista ne, kuma daga kujerar shugaban majalisar dokoki ya sauko ya nemi wannan muƙami. Birnin ma tun 1994, lokacin da Recep Tayyip Erdogan ya zama magajin garinsa, bai taɓa suɓuce wa ɓangarensu ba.

Akwai wata jam'iyya da sunanta bai fito a takardar zaɓen magajin garin ba. HDP, wadda akasarin magoya bayanta Kurdawa ne, ta samu ƙuri'a fiye da miliyan ɗaya a Istanbul wata tara kafin nan, a babban zaɓen Yunin 2018. Wannan karon sai ta ƙi tsayar da kowa. Abin da ya biyo baya cikin shekara shida ya nuna ƙarfin da tsiraru masu harshe daban suke da shi idan suka haɗa ƙuri'arsu wuri guda, ya kuma nuna inda ƙarfin yake tsayawa.

Su wane ne masu wannan ƙuri'a

Ana ƙiyasta Kurdawa tsakanin kashi 15 zuwa 20 cikin 100 na mutanen Turkiyya. Ƙiyasi ne kawai, domin rabon da gwamnati ta wallafa alƙaluman harshen uwa daga ƙidayar jama'a tun ta 1965. Yawancinsu Kurdancin da ake kira Kurmanci suke yi, wasu kuma Zazaki. Ƙasarsu ta gado kudu maso gabas ce, wajen Diyarbakir da Van da Mardin da Hakkari, amma babu birnin da ya tara Kurdawa a yau kamar Istanbul. Wasu neman abinci ya kawo su. Wasu da yawa yaƙi ya koro su a shekarun 1990, lokacin da aka tashi dubban ƙauyuka a rikicin sojoji da ƙungiyar mayaƙan Kurdawa ta PKK, rikicin da ya fara a 1984 ya kuma ci rayuka wajen 40,000.

Maganar harshe ita ce jijiyar lamarin. Bayan juyin mulkin soja na 1980 an yi wata doka a 1983 da ta haramta wallafa ra'ayi ko yaɗa shi da Kurdanci, ba a soke ta ba sai 1991 zamanin Shugaba Turgut Ozal. A wannan shekarar ce Leyla Zana ta ƙara jimla ɗaya da Kurdanci a ƙarshen rantsuwarta ta 'yar majalisa, zauren ya kaure da ihu, kuma a 1994 aka ɗaure ta, ta yi shekara 10 a gidan yari. Gwamnatin Erdogan ta sassauta sosai, wannan kam dole a faɗa: ta buɗe tashar talabijin ta Kurdanci a 2009, ta bari a riƙa koyar da shi a makarantu a matsayin darasin zaɓi daga 2012. Sai dai sashe na 42 na tsarin mulki har yanzu yana nan, ya hana a koyar da 'yan ƙasa wani harshe a matsayin harshen uwa in ba Turkanci ba. Karatu da harshen uwa shi ne babbar buƙatar da jam'iyyun Kurdawa ba su daina maimaitawa ba.

Kuskure ne a ɗauka Kurdawa duk bakinsu ɗaya. Da yawansu masu riƙon addini ne, 'yan mazhabar Shafi'iyya, kuma shekara da shekaru AKP suke zaɓa. A wasu zaɓukan ma AKP ta fi jam'iyyar Kurdawan samun ƙuri'a a yankin kudu maso gabas. Waɗanda ake magana a kansu a nan su ne masu bin HDP, da kuma wasu masu addinin da suka fara juya wa AKP baya bayan ta ƙulla ƙawance da MHP, jam'iyyar masu tsananin kishin Turkawa ta Devlet Bahceli.

Makarantar kashi 10

Ba a 2019 suka fara lissafi da ƙuri'a ba. Doka ce ta koya musu tun da daɗewa. Sojojin da suka yi juyin mulkin 1980 sun bar ƙa'ida, wadda ta yi aiki har 2022, cewa jam'iyya ba ta shiga majalisa sai ta samu kashi 10 cikin 100 na ƙuri'un ƙasa baki ɗaya, ko da kuwa ta cinye lardinta kaf. A 2002 jam'iyyar Kurdawa ta lokacin, DEHAP, ta zo ta ɗaya a larduna da dama na kudu maso gabas, ta samu kashi 6 da ɗoriya a faɗin ƙasa, ta tashi babu kujera ko ɗaya. Kujerun da ya kamata su zama nata sai suka faɗa hannun waɗanda suka zo bayanta. AKP a wannan zaɓen da kashi 34 ta kwashe kujera 363 cikin 550.

A 2007 sai suka sake dabara. Ƙa'idar kashi 10 ba ta shafi ɗan takara mai zaman kansa ba, don haka suka tsaya a matsayin indifenda, da niyyar in sun shiga majalisa su sake haɗuwa. Aikin yana da wuyar gaske. Idan lardi zai iya fitar da mutum huɗu, sai an raba ƙuri'a daidai tsakaninsu, in ba haka ba ɗaya ya kwashi fiye da abin da yake buƙata sauran su faɗi. Sai aka raba unguwanni da ƙauyuka: wannan yanki ku zaɓi wane, wancan ku zaɓi wance. Ga shi kuma an cusa sunayen indifenda a doguwar takarda ɗaya da jam'iyyu, alhali tsofaffi da yawa ba su iya karatun Turkanci ba. Har zare aka riƙa ba su wanda aka auna tsawonsa, su shimfiɗa a kan takardar, inda ya ƙare nan za su danna hatimi. Sun shigar da mutum sama da 20 a 2007, suka kai 36 a 2011.

Mai zaɓen da ya saba a ce masa bar wanda ka sani ka zaɓi wanda aka ware wa layinku, ba zai ji wani baƙon abu ba ranar da aka ce masa ya zaɓi ɗan wata jam'iyya. A ganina wannan horo na shekaru ne ya sa umarnin 2019 ya yi aiki yadda ya yi.

A Yunin 2015 HDP ta yi kasada ta shiga a matsayin jam'iyya, ƙarƙashin Selahattin Demirtas da Figen Yuksekdag. Ta samu kashi 13 da kujera 80, AKP ta rasa rinjayenta a majalisa karo na farko. Cikin waɗannan ƙuri'u akwai na Turkawa 'yan boko masu bin CHP waɗanda suka ara wa HDP ƙuri'a don kawai ta haye kashi 10, saboda sun san in ta gaza kujerunta AKP za su koma. Wato aron ƙuri'a ya taɓa gudana ta ɗaya ɓangaren. Wata guda bayan nan sulhun gwamnati da PKK ya wargaje, faɗa ya dawo. A Mayun 2016 majalisa ta cire wa 'yan majalisa rigar kariya, kuma shugaban CHP Kemal Kilicdaroglu ya ce matakin ya saɓa wa tsarin mulki amma za su goyi bayansa. Ranar 4 ga Nuwamba 2016 aka kama Demirtas. Garuruwa fiye da 90 cikin 102 da ɓangaren Kurdawa ya ci a zaɓen 2014 aka tsige shugabanninsu aka naɗa kantomomi.

Shawarar 2019

To wannan CHP ɗin ce aka ce Kurdawa su zaɓa. Ba maganar rigar kariya kaɗai ba. CHP ce jam'iyyar da ke mulki ita kaɗai lokacin da aka murƙushe boren Kurdawa na Shehu Sa'id a 1925, ita ce kuma a kan gado lokacin kisan Kurdawa a yankin Dersim a 1937 da 1938. Abokiyar ƙawancenta a 2019 kuwa jam'iyyar IYI ce ta Meral Aksener, wadda ta ɓalle daga MHP, ba ta ma yarda a ga hotonta kusa da HDP. A Ankara abin ya fi ɗaci, domin ɗan takarar CHP, Mansur Yavas, a MHP ya tashi.

Lissafin kansa ba shi da wahala. Zaɓen magajin gari a Turkiyya zagaye ɗaya ne, wanda ya fi ƙuri'a ya ci, ko da ƙuri'a ɗaya ce. HDP da kashi 12 ba za ta taɓa cin Istanbul ba, kuma duk ƙuri'ar da ta ɗauka ragi ce ga mai iya kayar da AKP. Don haka ta janye daga takarar manyan biranen yamma, Istanbul da Ankara da Izmir da Adana da Antalya. Ɗaya daga cikin shugabanninta biyu, Sezai Temelli, ya taƙaita manufar da cewa a Kurdistan, wato yankin Kurdawa, za su ci, a yamma kuma za su sa AKP da MHP su faɗi. Erdogan ya riƙa haska wannan magana a tarukan kamfe, yana cewa mai son Kurdistan ya tafi arewacin Iraƙi. Ya gina kamfen ɗinsa a kan cewa zaɓen na tsira ko rushewar ƙasa ne, kuma 'yan adawa sun haɗa baki da 'yan ta'adda.

Hatsarin da ke gaban HDP shi ne mutanenta su ƙi fita. Akwai masu cewa da muguwar rawa gara ƙin tashi, tunda babu naka a takarda ka zauna gida. Demirtas ne ya amsa musu daga gidan yarin Edirne, ya aiko da saƙo cewa in ta kama su ɗora dutse a ƙirji, amma lallai su je rumfar zaɓe. Bai ce CHP ta cancanta ba. Ya ce ne a yi haƙuri a haɗiye.

Babu yarjejeniyar da aka sa wa hannu a bainar jama'a. CHP ba ta iya ba, domin da ta zauna teburi ɗaya da HDP da 'yan IYI sun watse, ita kanta da wasu 'ya'yanta masu kishin Turkawa sun bi su. Imamoglu dai ya yi abin da zai iya. Ya guji kalaman raba kan jama'a, ya shiga unguwannin talakawa da masallatai, ba a ji ya zagi HDP ba. Kurdawa suka ba da ƙuri'a a kan amana, ba su karɓi alkawari ko ɗaya a rubuce ba. Wannan giɓi zai dawo ya dame su.

Zaɓen da aka sake

AKP ta ƙi amincewa da sakamakon. Ranar 6 ga Mayu hukumar zaɓe ta ƙasa, YSK, ta soke zaɓen da rinjayen alƙalai 7 a kan 4, bisa hujjar cewa wasu shugabannin rumfunan zaɓe ba ma'aikatan gwamnati ba ne. Abin da ya ba mutane haushi shi ne takardu huɗu ake sakawa a ambulan ɗaya, amma ta magajin babban birni kaɗai aka soke, sauran ukun aka bar su. Aka sa 23 ga Yuni.

Cikin waɗannan makonni harshen kamfen ya sauya gaba ɗaya. Yildirim, wanda Istanbul yake nema, ya tafi har Diyarbakir, ya gai da jama'a da Kurdanci, ya furta kalmar Kurdistan da bakinsa yana tunatar da cewa majalisar farko ta Ankara tana da wakilai daga can. An bar lauyoyi sun gana da Abdullah Ocalan, jagoran PKK da ke tsare a tsibirin Imrali tun 1999, karo na farko tun 2011. Kwana uku kafin zaɓe kamfanin dillancin labarai na gwamnati ya fito da wata wasiƙa daga gare shi da ke kira ga HDP ta tsaya tsaka-tsaki. Har ɗan'uwansa Osman Ocalan aka saka a tashar gwamnati ta Kurdanci. Gwamnatin da a watan Maris take kiran HDP reshen PKK, ita ce a watan Yuni take neman jagoran PKK ya hana HDP taimakon abokin hamayyarta.

HDP ta ce dabararta ba ta canza ba. Imamoglu ya ci da kashi 54 a kan 45, tazarar ta haura ƙuri'a 800,000.

Ba za a jingina wannan tazara duka ga Kurdawa ba. Soke zaɓen ya fusata har wasu magoya bayan AKP, wasu ƙananan 'yan takara sun janye, ga kuma tsadar abinci bayan faɗuwar darajar kuɗin Lira a 2018. Amma nasarar watan Maris, mai tazarar ƙasa da 14,000, ba ta yiwuwa da HDP ta tsayar da ko da rarraunan ɗan takara. Watan Yuni kuma ya nuna wani abu da ya fi wannan girma: masu zaɓen sun ji muryar mutumin da da yawansu suke girmamawa fiye da kowa, suka auna lokacin da aka fito da ita da kuma ta hannun wanda ta fito, suka ci gaba da abin da suka ƙudura.

Me suka samu?

Ranar 19 ga Agusta 2019, wata biyu bayan bikin Istanbul, ma'aikatar cikin gida ta tsige zaɓaɓɓun magadan garin Diyarbakir da Mardin da Van, ta naɗa gwamnoni a matsayin kantomomi. Cikin garuruwa 65 da HDP ta ci a wannan zaɓe, 48 haka suka ƙare. Imamoglu ya je Diyarbakir ya yi musu jaje, wanda ba ƙaramin abu ba ne ga ɗan CHP. A Istanbul cibiyoyin koyar da manya na hukumar birni sun buɗe ajin Kurdanci. A Oktoban 2020 gidan wasan kwaikwayo na birnin ya shirya nuna wasa da Kurdanci, sai hukumar gunduma, wadda ke ƙarƙashin gwamnatin tsakiya, ta hana saura 'yan sa'o'i a fara.

Iyakar abin ke nan, kuma ba lallai ne a zargi Imamoglu ba. Manhajar makarantu, kotuna, gidajen yari da naɗa kantoma duk a Ankara suke. Magajin gari yana da motocin bas da ruwan famfo da kwasar shara. Ƙuri'ar ta isa ta ƙwace birni daga hannun AKP, amma abubuwan da masu ita suka fi damuwa da su ba a hannun birni suke ba.

Zaɓen shugaban ƙasa na 2023 shi ne wurin da ya kamata bashin ya biyu. HDP ba ta tsayar da ɗan takara ba, ta mara wa Kilicdaroglu baya, duk da cewa ƙawancen jam'iyyu shida da ya tsayar da shi bai ba ta kujera a teburinsa ba. A zagayen farko Diyarbakir ta ba shi sama da kashi 70, fiye da abin da ya samu a Izmir, cibiyar CHP. Amma ya zo na biyu, da kusan kashi 45 a kan 49.5 na Erdogan, sai ya juya neman ƙuri'ar masu kishin Turkawa. Ya sa hannu a yarjejeniya da Umit Ozdag na jam'iyyar Zafer, wadda a ciki aka bar ƙofar naɗa kantomomi a buɗe. Bayan zaɓe Ozdag ya ce har ma'aikatar cikin gida aka yi masa alkawari a asirce. Ƙaramar jam'iyyar da ba ta kai kashi 3 ba ta samu takarda da sa hannu cikin 'yan kwanaki, abin da HDP ba ta samu ba cikin shekara huɗu. Dalilin a fili yake. Ozdag yana da inda zai koma in an ƙi shi. HDP kuwa kowa ya ɗauka ba ta da wani wurin zuwa. A zagaye na biyu fitowar masu zaɓe ta ragu a lardunan Kurdawa, Erdogan ya ci da kashi 52.

2024: jam'iyya ta tsayar, jama'a sun ƙi bi

Bayan wannan kaye 'ya'yan jam'iyyar sun yi ta ƙorafin cewa an mayar da su 'yan rakiya. Jam'iyyar DEM ta gaji HDP, kuma a zaɓen 31 ga Maris 2024 ta tsayar da Meral Danis Bestas a Istanbul. A wasu gundumomi kuma ta shirya da CHP a kan ɗan takarar da ɓangarorin biyu suka aminta da shi, kamar Farfesa Ahmet Ozer a Esenyurt, gundumar da ta fi kowace yawan jama'a a ƙasar, tare da sanya mutanen da DEM ta amince da su cikin jerin kansilolin CHP.

Bestas ta samu kashi 2 da 'yan kai. Imamoglu ya samu 51, Murat Kurum na AKP ya tsaya ƙasa da 40. Shekara ɗaya kafin nan jam'iyyar ta samu wajen kashi 8 a zaɓen majalisa a wannan birni, ke nan akasarin mutanenta sun tsallake 'yar takararsu. A kudu maso gabas kuwa, a rana guda, DEM ta sake lashe Diyarbakir da Mardin da Van da gagarumin rinjaye. Inda jam'iyyarsu za ta iya ci sun yi sak, inda ba za ta iya ba sun yi wake da shinkafa, kuma wannan karon babu wanda ya umarce su daga gidan yari. Dabarar ta tashi daga hannun shugabanni ta zama ɗabi'ar masu zaɓe. Wannan ya rage wa DEM ƙarfin ciniki da CHP, domin barazanar janye ƙuri'ar da ba ka da ikon janyewa ba ta tsorata kowa.

Ɓangaren gwamnati ya karanta alƙaluman, ya bi su ta hanya biyu. Ta farko kotu ce. A ƙarshen Oktoban 2024 aka kama Ahmet Ozer bisa zargin alaƙa da PKK, aka naɗa kantoma a Esenyurt. Ranar 19 ga Maris 2025 aka kama Imamoglu da bincike biyu a kansa, ɗaya na cin hanci, ɗaya na taimakon ta'addanci wanda aka gina a kan wancan shiri da DEM. Kotu ta tsare shi a kan na cin hancin. Shi da jam'iyyarsa sun ce siyasa ce, gwamnati ta ce kotuna suna cin gashin kansu.

Hanya ta biyu ta fi ba da mamaki. A Oktoban 2024 ɗin dai, Bahceli, wanda ya sha neman a rufe HDP, ya je ya gaisa hannu da hannu da 'yan majalisar DEM, daga baya ya ce a bar Ocalan ya zo majalisa ya shelanta rushe ƙungiyarsa. Ranar 27 ga Fabrairu 2025 Ocalan ya yi kiran ajiye makamai, a watan Mayu PKK ta sanar da rushe kanta, a watan Yuli wasu mayaƙanta 30 suka ƙona bindigoginsu kusa da Sulaimaniyya a arewacin Iraƙi. Sauyin gwamnati da aka samu a Siriya yana cikin dalilan wannan. Lissafin majalisa ma yana ciki: gyara tsarin mulki yana buƙatar ƙuri'a 360 cikin 600 kafin a kai shi ƙuri'ar raba gardama, ƙawancen Erdogan bai kai wannan adadi ba, DEM kuwa tana da kujeru sama da 50. A watan Agusta majalisa ta kafa kwamitin da zai duba dokokin da sulhun yake buƙata, da wakilan AKP da MHP da CHP da DEM a cikinsa, jam'iyyar IYI ta ƙi shiga. A ranar da kwamitin ya fara zama, Demirtas yana gidan yarin Edirne da hukuncin shekara 42 da aka yanke masa a 2024, Imamoglu yana na Silivri, sashe na 42 na tsarin mulki kuma ba a taɓa shi ba.